Tagar Asiri

A shekarar da na dawo gida da takardar lisans ɗina, shaidar gama jami'a, cikin leda, salula babba ɗaya ce tak a gidan kawuna. Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, kuma shi ne limamin ƙaramin masallacin unguwarmu tun kafin in san damana da haguna. Ɗansa da ke bida, wato ci-rani, can bakin teku ya aiko da salular domin Inna, matar Kawu, ta riƙa jin muryarsa. Amma garinmu ƙarami ne, a gefen Babankatami, kuma a irin garinmu abin da aka aiko wa mutum ɗaya na unguwa ne. Inna tana sauraron saƙon ɗanta, maƙwabta suna zuwa a aika musu gaisuwa wurin nasu ƴan bidar, ni kuma, da yake tawa salular ta mutu kuma koyarwar kwantaragi a lakwal, makarantar boko, ba ta kai ta tashe ta ba, ina aron ta gidan in yi bincike.

Ni mutum ne mai son tabbatarwa. Wasu suna kiran wannan tsoro. Ban ce sun yi ƙarya ba, sai dai ina ganin sun yi gaggawa. In na hau tudun duwatsun bayan gari na ji zuciyata tana bugawa, ban ga laifi ba don na tambayi salula ko akwai wanda hakan ya taɓa kashewa. In fatar idona ta yi rawa, in tambaya. In kyanwa ta yakushe ni, in tambaya, washegari in sake tambaya da wasu kalmomi ko amsar za ta canza ra'ayi. Salula kuwa ba ta mantuwa. Duk tambayar da aka yi mata tana ajiye ta, tana jiran wanda ya iya karatu.

Wadda ta iya karatun ita ce taubashiyata, ɗiyar Kawu, wadda ta yi kwalej kafin ta yi aure a ƙofar gabas. Wata Juma'a da hantsi ta zo gaida uwarta, ta ɗauki salular, ta faɗa kan tambayoyina. Da yake tsakanin ɗan mace da ɗiyar namiji wasa halal ne, sai ta tsaya a tsakar gida ta karanto su da ƙarfi, tana juya Faransanci zuwa Hausa, tana ƙara gishiri duk inda ta ga na yi rowa. Matan da ke daka suka jingine taɓarensu. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe shekarun da na yi a jami'a cututtuka na je haddacewa. Tun ranar taubashiyata ta raɗa mini suna Likita, kuma ko daga nesa ta hango ni sai ta dafe ƙirji ta tambaya ko ina nan da rai.

Kawu ne kaɗai bai yi dariya ba. Yana zaune a bakin zaure da butarsa a gefe. Ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya kira ni da sunan da yake kirana tun da na fara koyarwa, Mushe, yadda ƴan lakwal ke kiran malami da Faransanci, rabi girmamawa, rabi ba'a.

"Mushe, wanga abu, dut abin da anka tambaye shi shina riƙewa?"

Na ce iyakar sanina haka ne, sai fa in an bi an goge. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan gida. A lokacin ban lura ba cewa butar nan ta daina rabuwa da shi.

Kunyar ranar ce ta kai ni ga baƙar taga. A cikin manhajar da ake bincike da ita akwai wani lungu, in ka taɓa shi sai fuskar salula ta yi baƙi ƙirin, ga zanen malafa da tabarau amma babu fuska a tsakaninsu, kamar wanda ya ci ado ya fita ya manta kansa a ɗaka. Duk abin da ka tambaya a cikin wannan tagar, da zarar ka rufe ta, salula ta manta. A ƙarƙashin malafar an rubuta gargaɗi da ƙananan baƙaƙe, na karanta shi har na kusa haddacewa: tagar ba ta ɓoye ka ga kamfanin rezo, wato masu layin waya, ba ta ɓoye ka ga masu shafin da ka shiga, kuma abin da ka sauke ya sauku. Ba su ce komai ba game da mai leƙe ta saman danga. Ina jin inda aka ƙera ta ba su da danga, ko kuma ba su da maƙwabta.

A gidan Kawu rezo wuri ɗaya yake sauka da mutunci, bayan manyan rumbunan ƙasa, kusa da turken jaki. Nan nake tsugunawa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana ta kori kowa inuwa, in yi jinyar cututtukan da ba ni da su cikin kwanciyar hankali. Nan Kawu ya same ni wata rana bayan an gama shigar da hatsi. Ya tsaya a kaina, ya duba, ya tambaya me ya ƙona fuskar salular.

Na yi masa bayani yadda na saba, wato na fara daga nesa. Na ce kalmar da Faransawa suka sa wa tagar ita ce irin wadda ake kiran lakwal mai zaman kanta da ita, amma a nan ba wannan ake nufi ba. Tana iya nufin abin mutum shi kaɗai, ko keɓaɓɓe, ko na sirri, ko da yake sirri ma ya ɗan yi nauyi, domin akwai waɗanda ba a ɓoye musu, kuma ya danganta da abin da mutum yake nufi da ɓoyewa. Kawu ya saurara har jakin ma ya juya mana baya.

"Tana rufa ma mutum asiri ko ba ta rufawa?"

Na ce a cikin gida dai, in an tuna an rufe ta, wataƙila ana iya cewa tana rufawa.

"To, tagar asiri ke nan. Mi ya kawo dogon wa'azi?"

Ina so a shaida cewa daga bakinsa sunan ya fito, kuma abin da yake nufi shi ne rufin asirin da kowane Musulmi yake roƙo safe da yamma. Cewa da kalmar nan ɗaya ake kiran abin da boka yake binnewa a ƙofar gida, wannan ba ni na tsara Hausa ba, ba kuma Kawu ba.

Ya tattara rigarsa ya tsuguna kusa da ni, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce akwai wani tsoho a Allakaye, tare suka yi karatu a da, ya aiko masa da wata damuwa. Fitsari ne ya yi wa tsohon gardama. In ya zagaya ba ya fita sai da jira da lallashi, in kuma ya tashi ya yi alwala ya gyara tufafinsa, sai ɗigo ya biyo baya ba sallama. Ya ce in tambayar wa bawan Allah ko da magani.

Na rubuta tambayar da Faransanci, na karanta amsoshin, na juya masa su da taka-tsantsan. Na ce, in na fahimta daidai, akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji da takan kumbura in shekaru sun ja, ta matse hanya. Sau da yawa ba mugun abu ba ne, wani lokaci kuma mugun ne, kuma daga bayan rumbu ba a iya bambancewa. Na ce duk shafin da na buɗe da magana ɗaya yake ƙarewa, a je a ga likita. Kawu ya ce tsohon ba ya son zaman bencin likita, domin a garinsu duk wanda ya zauna a bencin nan, kafin ya kai gida an san ciwonsa, an ma ƙara masa wani. Na ce garin nasu ya yi kama da namu. Ya ce ai ƙasar Adar duk ɗaya ce.

Da muka gama na rufe tagar a gabansa, na nuna masa cewa babu abin da ya saura. Ya karɓi salular ya juya ta, ya duba bayanta, ya miƙo mini. Ban taɓa ganin ya yaba wani abin Nasara da ido kamar ranar ba.

Sai dai tagar da ke mantuwa tana da nata wahalar: kullum daga farko ake farawa. Kawu ya riƙa dawowa. Yau tsohon Allakaye yana so ya ji ko rage shayi yana taimakawa, gobe ko jiƙon sabara, jibi ko hawan jaki da ƙuruciya ne ya jawo. Wata rana yana so ya ji ko ana yanka mutum a kan wannan, kuma in an yanka ko yana tashi. Saƙonnin tsohon suna isowa da saurin da babu motar kasuwa da ta taɓa yi a hanyar Allakaye, kuma ban taɓa ganin ɗan aiken ba. Ban tambaya ba. Na dai ƙara shi cikin gaisuwar safe. In na durƙusa na gaida Kawu, sai in ce ina kwanan tsohon Allakaye, shi kuma ya ce da sauƙi, ya gode.

Wata rana, yana kallon jakin ba ni ba, ya ce ya manta bai faɗa mini ba, tsohon nan shi ma yana jan salla a wani ɗan masallaci. Na ce Allah sarki. Na san ya san na sani, kuma ina jin wannan ne iyakar kusancin da kunya ta yarje wa kawu da ɗan ƙanwarsa.

Hukuncin abin bai tambayi salula ba, domin ya fi ta sani. Mai irin wannan lalura sallarsa ta yi, amma ba a so ya shiga gaban masu lafiya. Abin da ke cinsa ke nan. Limancin unguwarmu ba shi da albashi, ba shi da rawani, abin da ke cikinsa ɗan ramin da ƙafafu suka yi a gaban sahu ne, inda mahaifinsa ya tsaya kafin shi. Kawu yana so ya warke a ɓoye kafin ya zama dole ya ja da baya, ya kuma faɗi dalili. Ya riga ya fara tura na'ibinsa gaba jefi-jefi, yau gwiwa, gobe tari, kuma ga mutumin da bai saba ƙarya ba, tarin nasa abin tausayi ne.

Inna ce ta fara jin sunan. Ta zo ɗibar hatsi a rumbu wata rana da zafin rana, ta jiyo muryar mijinta yana cewa in buɗe mana tagar asirin. Ta leƙa ta saman danga, ta ga limamin unguwa da mai lisans a tsugune kusa da jaki, kai a haɗe, a gabansu baƙin gilashi da malafar da ba ta da mai ita, ni ina ƙunƙuni da wani harshe, shi yana cewa to, to. Ko ni aka kwatanta wa wannan, zan so in yi tambaya.

Ba ta tambayi mijinta ba, domin ba a yi. Ta tambayi ɗiyarta. Taubashiyata, da ilimin kwalej ɗinta, ta bayyana mata cewa baƙar taga maza ne ke buɗe ta don kallon abin da ba sa so matansu su san suna kallo. Inna ta auna biyun, miji mai ganawa da boka marar fuska da miji mai kallon abin kunya, ta zaɓi bokan, domin ya fi mutunci. Ta shaida wa aminiyarta ɗaya tak a bakin famfo, don neman shawara, ta kuma roƙe ta kada ya wuce nan. Bai wuce nan ba sai da aka cika tuluna.

Garin ya rabu mazhaba biyu. Waɗanda suka taɓa zama a bencin lakwal suka ce mata ne. Waɗanda ba su zauna ba suka ce aljani ne mai malafa, Mushe ya taho da shi daga jami'a, wanda a ganinsu shi ne abu na farko mai amfani da aka ji na taho da shi. Masu son sulhu suka haɗa biyun, suka ce asiri ne na neman mata. Hujjoji kuwa ba su yi ƙaranci ba. Liman ya rame. Liman yana yawan zagayawa da buta, wa ya san abin da yake binnewa. Liman yana tura na'ibi gaba domin mai malafar ya hana shi wasu ranaku. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk abin da suka gani sun gani daidai. Da a aji ne da na ba su makin lura, in kayar da su a fassara.

Sahu ya fara sirancewa. Wasu suka gano cewa masallacin ƙofar gabas, duk da nisansa, ya fi iska. Wasu suna bin Kawu don kunya, su koma gida su sake sallar. Wani uba ya zo lakwal ya roƙa a matsar da ɗiyarsa daga layin gaba, don kada in riƙa kallonta kai tsaye. Wata tsohuwa kuma ta tare ni a hanya ta ce, ba don ta yarda da irin waɗannan abubuwa ba, amma in na samu sarari in tambayar mata mai malafa inda akuyarta ta shiga.

Na yi niyyar faɗa wa Kawu. Na tsara maganar a raina ta hanyoyi da dama, kowace na ga tana da haɗarinta. In na ce ana zarginsa da asiri, zai tambayi wa ya faɗa, maganar ta koma kan Inna. In na ce mu daina, zai ɗauka na gaji da tsohon Allakaye. Ina cikin auna wannan da wancan, ladan ya riga ni. Ladanmu sa'an Kawu ne, tare aka yi musu kaciya, kuma mutum ne da ya saba faɗin abu gari ya ji.

Ranar, bayan la'asar, dattawa ba su tashi daga tabarmin ƙofar masallaci ba. Ni ma aka ce in dakata. Ladan ya fara da yabon mahaifin Kawu, ya gangaro kan zaman lafiyar unguwa, ya taɓo lalacewar zamani, sannan ya ce ba wai ana zargin kowa ba ne, amma zukata za su fi natsuwa in aka kawo salular nan aka duba. Kawu ya yi mini alama da haɓa. Na je na ɗauko.

Aka miƙa ta ga mijin taubashiyata, mai kanti, wanda ya yi lakwal kuma ba a zarginsa da jami'a. Ya bi tsoffin tambayoyin da ke cikinta yana karantawa. Aka sake jin labarin kyanwar da ta yakushe ni, wannan karon a gaban dattawa, aka ji na fatar ido, aka ji na zuciya. Daga nan sai babu komai. Ya ce iyakar abin da ke ciki ke nan.

"To, Mushe," in ji ladan, "ku da kuke tsugunne bayan rumbu tun kaka, ina abin da kunka tambaya?"

Na ce ba ya nan, domin in an rufe tagar yana gogewa.

"Wa ke gogewa?"

Na ce ba kowa, da kanta take mantawa.

Wani dattijo ya maimaita a hankali, da kanta. Tagar ta yi aikinta daidai yadda aka yi alkawari, ba ta bar ko ɗigo ba, kuma wannan tsabtar ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kanmu. Da an samu abin kunya ma da an san da me ake faɗa.

Aka ce in nuna. Na taɓa lungun, fuskar ta yi baƙi, malafa da tabarau suka fito. Dattijon da ke kusa da ni ya nemi tsari ya ja buzunsa baya. Na ga lokaci ya yi da ilimi zai yi magana, na kuwa ba shi dama. Na ce zane ne kawai, alama ce, ba kowa ba ne. Na ce kuma, don kada in faɗi abin da ya wuce gaskiya, ba ma ɓoyewa ce ta sosai ba, domin masu rezo suna iya sanin inda muka shiga, masu shafin ma suna sanin an zo, ko da yake ba lalle su san mu ne ba, ko da yake kuma ba zan rantse ba su sani ba.

"Wato," in ji ladan, "akwai waɗanda ke ganinku, ku ba ku ganinsu."

Na yi tunani, domin ba na son amsa da gaggawa. Na ce ta wata fuskar, e.

Wani ya fara salati. Ina shirin kawo ɗaya fuskar, wadda na tabbata da ta gyara komai, sai Kawu ya ajiye tasbaharsa a kan tabarma.

"Ku bar ɗan nan, shina kashe ni da bayani," ya ce. "Fitsari ne. Ba shi tsaya mini. In na yi alwala, ɗigo shi biyo. Shi nike tambaya ko da magani, don kada in zauna bencin likita ku ji. To ga shi kun ji, ko benci ban samu ba."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya ce daga wannan magariba na'ibi ne zai riƙa shiga gaba, har Allah ya kawo sauƙi in ya so. Ya ce sallolin da ya ja a baya sun yi, wanda ke shakka ya same shi a zaure ya buɗe masa littafi, irin wanda ba ya mantuwa. Waɗanda suka riƙa sakewa a gida kuma, Allah ya ba su ladan nafila.

Dattawan unguwarmu suka shiga nazarin yatsun ƙafafunsu kamar ranar aka ba su su. Babu wanda ya kalli wani. Ladan ya yi gyaran murya, ya nemi abin da ake faɗa a irin wannan wuri, ya samo wanda ya fi kusa da bakinsa.

"Allah shi rufa asiri."

Sai da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa. Wani daga baya ya shaƙe da dariya ya mayar da ita tari.

"Amin," in ji Kawu. "Amma ba ta taga ba."

Ina jin garin ya ɗan ji haushi. An ba mutane aljani mai malafa, an karɓe, an ba su mafitsara. Tsohuwa mai akuya ta daina amsa gaisuwata na wani lokaci. Inna kuwa faɗanta daban ne. Ta ce ita ke wanki a gidan nan, ta daɗe da ganin abin da ta gani, amma da ta ji maganar asiri sai ta ɗauka wani ne ya yi wa Malam, shi kuma yake neman makari, har ta fara zargin wasu gidaje tana rage musu gaisuwa. Yanzu wa zai je ya mayar musu da gaisuwar? Taubashiyata ta ce ita dai ta faɗi abin da ake yi da baƙar taga a duniya, ba laifinta ba ne in mu ba mu iya ba.

Ranar kasuwa na raka Kawu Madawa a motar haya, direba yana tsayawa a hanya ba tare da an roƙe shi ba, yana cewa zai duba taya. A asibiti Kawu ya zauna a benci tsakiyar jama'a, butarsa tsakanin ƙafafunsa. Da aka kira shi ya faɗa wa likita komai a taƙaice, da Hausar da ba ta da kwana, ko sunan Allakaye bai ambata ba. Na so in taimaka da abin da na karanta, na fara kawo yiwuwar wannan da yiwuwar wancan, likitan ya dube ni ya tambaya wane ne marar lafiyar a cikinmu. Aka yi gwaji, aka ba da magani, aka ce ya riƙa dawowa.

Ya samu sauƙi, amma ba irin wanda ya roƙa ba. Bai koma gaba ba. Yana tsayawa a sahun farko, daidai bayan na'ibi, in na'ibi ya yi tuntuɓe a karatu sai ya ɗora shi a hanya tun kafin kowa ya lura. Masu neman iska a ƙofar gabas sun dawo, sahu ya cika. Wani lokaci in ladan ya tada iƙama nakan ga ƙafar Kawu ta dama ta matsa gaba da kanta, sai ya jawo ta ya daidaita da ta maƙwabcinsa. Ba na jin kowa yana gani sai ni, ko da yake a garinmu ba zan sa hannu a kan wannan ba.

Bayan rumbu kuwa ban samu hutu ba. Ladan ne ya fara zuwa, da zafin rana, yana waige-waige. Ya ce ba wani abu ba ne, wani tsoho ne a Azarori ya aiko shi da tambaya. Bayansa dattijon da ya ja buzu ya zo, shi nasa tsohon a Keita yake. Ashe ƙasar Adar cike take da tsofaffi marasa lafiya, kuma cikin ikon Allah babu ko ɗaya a garinmu. Nakan buɗe musu baƙar tagar, in fara karanto gargaɗin, cewa masu rezo suna gani, cewa daga ƙarshe dai sai an je likita, su ce Mushe, wuce wurin. Masu rezo ba su dame su ba. Masu rezo ba sa zuwa famfo.

Wata safiya, da na durƙusa gaida Kawu a bakin zaure, bakina ya riga ni, na ce ina kwanan tsohon Allakaye. Ya dube ni har na fara neman hanyar janye maganar.

"Ya rasu, Allah shi jiƙan shi," ya ce. "Bai bar komi ba sai ciwon. Ni na gada."

Ya ɗauki butarsa ya ratsa ta tsakar gida, ta gaban matan da ke daka, yana amsa gaisuwarsu.